Amfilifaya Mai Rabin Waƙa

Kwanakin baya wasu samarin unguwarmu a nan Tambuwal suka sauke wata amfilifaya daga kan babur, suka girke ta a inuwar da ke ƙofar gidana, suka haɗa mata lasifika biyu, suka murɗa ta har ƙarshe. Ina zaune ina kallon ikon Allah. Da na tambaye su dalilin da ya sa suka zaɓi wannan ba wata ba, sai babbansu ya nuna mini jikin kwali, inda aka rubuta wat dubu kaza, wato ma’aunin ƙarfinta, da jan rubutu, ya ce, “Baba, ai abin ba wuya. Wadda lambarta ta fi yawa ita ake ɗauka.” Ban yi masa musu ba, domin musu da wanda ya riga ya biya kuɗi ɓata yawu ne. Kafin a kira la’asar ɗaya daga cikin lasifikokin ta koma kukan kwaɗo, suka kwashe kayansu ba sallama.

Domin su da ire-irensu na ɗauki alƙalami. Sunana Malam Haliru, kuma duk wanda ya mallaki rediyo ko garmaho tsakanin Jabo da Kebbe a zamanin Jihar Arewa ya san rumfata. Amfilifaya, ga wanda bai sani ba, ita ce na’urar da ke karɓar siririn sauti daga garmaho ko rediyo, ta ƙara masa ƙarfi, ta miƙa wa lasifika. Zaɓenta ilimi ne, musamman ga mai ƙaramin aljihu, domin mai kuɗi in ya yi kuskure yakan sake saye, talaka kuwa da kuskurensa zai zauna.

Ni ba da ka na faɗa wannan sana’a ba. Na yi makarantar Midil a lokacin da ake dukan yaro saboda wasali guda, na fito da Turanci da lissafi daidai gwargwado. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya so in zama malamin ofis a En’e. Ni kuwa tun ranar da na leƙa bayan wani rediyo na ga kwalabensa suna ja kamar garwashi, hankalina bai sake komawa kan tawada ba. Da ya ga ba zan tanƙwaru ba, sai ya kai ni Sakkwato ya damƙa ni ga Baba Raimi, wani Bayaraben Ilori mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Da Baba Raimi ya ji mahaifiyata Bagobira ce, sai ya tuntsire da dariya, ya ce ashe bawa aka kawo masa har gida, irin wasan da ke tsakanin Yarabawa da Gobirawa. Haka ya riƙa kirana har ya yaye ni, ni kuma ban taɓa barin bashin tsokanar ya kwana ba.

Shekarar farko ban taɓa cikin rediyo ba. Aikina shi ne hura gawayi a gasa ƙarfen dalma, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi a liƙe waya. In ya yi sanyi dalma ba ta kamawa, in ya yi zafi da yawa ya ƙone abin da ake gyara, kuma ba ma’auni sai ka kusanto da shi kumatunka ka ji hucinsa. Kayan aikinmu ba su da yawa: sukudireba manya da ƙanana, filaya, gashin kaza na share ƙura, da mita guda mai allura wadda Baba Raimi ke naɗewa a ƙyalle kamar jariri. Na tuna rediyon wani alƙali da aka kawo ya daina magana. Na yi ta zuba bayanin littafi, ina cewa lalle kwalba ce ta mutu. Baba Raimi ya karɓi rediyon. Ya kwance bayan, ya sa ɗan tsinke ya fasa ɗakin da zanzaro ya gina da laka a tsakanin wayoyi, ya hure, rediyo ya ci gaba da karanta labaru. Ya dube ni ya ce, “Bawa, ido tukuna, sannan kunne, sannan littafi.”

A wurinsa na koyi abin da samarin yanzu ba su da haƙurin ji. Ba a gwada amfilifaya da ƙara. Ko garwa ka buga za ta yi ƙara. Ana rage ta ne ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa, a saurara. In a hakan kana jin numfashin mawaƙi da ƙarshen kowace kalma, to ka sami abin saye.

A shekarar da aka sami mulkin kai na dawo Tambuwal na kafa rumfata kusa da tasha. Babu lantarki a garin, ko labarinsa babu. Kome da batir yake aiki, don haka na sayi ɗan injin caji, ranar kasuwa kuwa batura kan yi layi a ƙofata daga ƙauyuka, wasu a kan jakuna. Ni na ɗaura manyan lasifikokin nan masu bakin ƙaho a kan itatuwa ranar taron murnar ’yancin kai, kuma har yau akwai dattijan da za su shaida cewa na bayan fili ya ji jawabi kamar na gaba. Malaman makaranta, fatake, ma’aikatan asibiti, duk nawa ne. Daga baya Fulani suka fara sayen rediyon ratayawa, su kawo shi cike da yashi da ɗigon nono, su rantse ba abin da ya taɓa shi.

Sai aka shiga muguwar shekara. Damina ta ɗauke gero yana tsakiyar bununi, dawa ta bushe a tsaye. Wanda ke tunanin abin da za a tuƙa da dare ba ya tuna rediyo. A daidai lokacin kuma ƙananan rediyo masu taransisto suka cika kantuna, ba kwalba a cikinsu balle ta mutu a kawo mini. Sai in wuni ina kaɗa ƙuda. Har an yi mini maganar aikin malamin awon auduga, na ce a ba ni zuwa bayan salla in yi shawara. Gaskiyar magana, rumfar tana gab da rufewa.

A wannan hali ne Alhaji Arzika na Kebbe ya yi mini sallama. Bafatake ne na hatsi da fata, mutum mai sanyin magana, kuma bai daɗe da dawowa daga aikin Hajji ba. Tare da shi akwai taubashinsa Modi, dillalin shanu, dogo mai faɗin baki, wanda Allah bai halitta da iya yin shiru ba. Suka kwance wani bargo, sai ga lasifika biyu na katako masu kyan gaske, da garmaho mai aiki da batir, da faya-fayai kaɗan.

Alhaji ya ce, “Malam, waɗanga na taho da su daga Jidda. Can sunka yi magana, nan sun ƙi.”

Modi ya ce, “Larabci su ka ji, Malam. Na ce mishi shi nemo musu tafinta.”

Na bayyana masa cewa ya sayo baki biyu ne ya baro huhu a kanti. Sai da amfilifaya, kuma mai hanya biyu, domin kayan nasa irin sababbin nan ne da ke raba sauti hagu da dama. Sai Alhaji ya faɗa mini gaskiya. Tsaraba ta cinye guzuri, shekara kuma ga yadda ta zo. Abin da zai iya fitarwa bai wuce kuɗin ɗan maraƙi ba.

Wani zai ce wannan ƙaramin aiki ne. Ni na san ba haka ba ne. Alhaji Arzika shi ne na farko da ya kawo irin waɗannan kaya a yankin, kuma hedimastanmu da wani mai kanti a Dogon Daji sun riga sun ce suna jira su ga yadda tasa za ta kaya kafin su sa ni in haɗa musu. In ta yi kyau, na sami sabuwar hanyar abinci. In ta ɓaci, sai sikelin auduga.

Muka hau motar kasuwa zuwa Sakkwato mu uku, na kuma dage sai an tafi da lasifikokin da garmahon da faifai guda. Modi ya yi ta mita a hanya, wai ba a kai amarya kasuwa zaɓen miji. Na ce masa wanda zai sayi takalmi da ƙafarsa yake zuwa.

A kantin wani Kwara, wato Balaraben Labanan, muka tarar da abin da muke nema. Tun daga ƙofa idon Modi ya faɗa kan wata ƙatuwa mai kwalabe jere, da gogaggen katako, da maɓallai kamar rigar ɗan sanda. Mai kanti ya ce an daɗe ba a saya ba, zai karya kuɗinta.

Modi ya dafa ta ya ce, “Alhaji, wagga ita ad daidai da zauren wanda yaj je Makka. Kowa yash shigo ya san an yi arziki.”

Na ce, “Da me za a ciyar da ita?”

Ya ce, “Ciyarwa kuma? Akuya ta?”

Na ce, “Doki ce. Lantarki take ci, kuma a Kebbe babu. Sai an saya mata inji wanda ya fi ta tsada, injin kuma kullum sai an ba shi mai. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa.” Na juya bayan lasifikar Alhaji na nuna musu ɗan rubutun da ke faɗin iyakar ƙarfin da za ta iya ɗauka. Ƙatuwar nan ta ninka shi sau da yawa. Ranar da wani mai karambani ya murɗa ta, takardar cikin lasifikar za ta yage kamar tsohon zane.

Shi Alhaji hankalinsa ya tafi ga wata ’yar ƙarama mai ƙyalli, wadda in ya saya har canji zai rage masa. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, suna zaton ƙaramar amfilifaya ba ta iya yi wa lasifika lahani. Ita ce ma ta fi kisa. Zauren Alhaji babba ne, kafin ta cika shi sai an murɗa ta har ƙurewa, kuma amfilifaya in ta ƙure sautinta yakan karkace, karkataccen sauti kuwa shi ke ƙone siririyar wayar da ke cikin lasifika. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi: shi zai durƙushe, kayan kuma su fashe.

A ƙasan kanta, bayan wasu kwalaye, na hango wata mai launin toka, da ƙujewa a gefe, maɓallanta uku kacal. Mai kanti ya ce wani Bature malamin gona ne ya sayar masa da zai koma gida. Taransisto ce, tana aiki da batirin mota, hanyarta biyu, kuma om ɗinta, wato nauyin da take iya ja, ya yi daidai da na lasifikokin Alhaji. Ƙarfinta ya ɗara abin da zauren ke bukata kaɗan, yadda ba sai an matsa mata ba.

Modi ya leƙa ya ce, “Wagga ai akwatin malamin dabbobi ta. Allura za a yi muna?”

Ban kula shi ba. Na haɗa ta da kayan Alhaji a nan cikin kantin. Kafin in ɗora allura a kan faifai na kara kunnena a jikin lasifika, ban ji gunjin kome ba. Na sa faifan, na rage sauti ƙasa-ƙasa, kowace kalma ta fito tas. Na bar ta ta ci gefen faifai guda, na dafa bayanta, ɗumi kawai, ba zafi. Sa’an nan na juya na fara kushe ta a gaban mai kanti, ina nuna ƙujewar, ina cewa tsohuwa ce. A nan Modi ya yi amfani, domin da aka zo ciniki ya taya ta kamar yana taya ramammiyar saniya, har Kwaran ya ce a ɗauka a ba shi wuri. Kuɗin maraƙin ya isa, har da batir na hannu.

Da kaina na je Kebbe na haɗa. Na ajiye lasifika ɗaya a hagun zauren, ɗaya a dama, na sa aka shimfiɗa buzun Alhaji a tsakiya. Faifan da ya fi so na yabon Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: mutum guda mai zaƙin murya yana bayarwa, jama’a suna amsa masa da salati. Mai bayarwa ya fito ta hagu, ’yan amshi suka fito ta dama. Dattijan da suka cika zauren suka riƙa juya kai, hagu, dama, kamar masu kallon ’yan kokawa. Da zan tafi na ce wa Alhaji, “Waɗannan lasifikoki tagwaye ne. Uwa ɗaya ke shayar da su, kowa da nononsa. A kula da su.” Ya yi godiya, ya haɗa ni da zabi biyu.

Ba a yi nisa ba labari ya fara dawowa. Direban motar Kebbe ne ya fara tsayawa a ƙofar rumfata yana murmushi, ya ce Alhaji na gaishe ni, ya ce kuma in zo in ɗauki amfilifayata, domin tana cinye rabin waƙa. Kafin kasuwa ta watse Modi ya zagaya karar shanu da rumfunan goro ya ba da labari, har ya raɗa mini suna: Haliru Rabin-Waƙa. Wai Alhaji ya biya rabin kuɗi an ba shi rabin waƙa, ciniki ya yi adalci. Hedimasta ya aiko cewa ya ɗage maganarsa tukuna. Wani mutumin Jabo da ya kawo gyaran rediyo ya dawo ya karɓe abinsa ba a gyara ba, ya ce yana tsoron a mayar masa da shi yana faɗin rabin labaru.

Mai sana’a ba shi da jari sai sunansa. Washegari na ɗaura jakar kayan aiki a bayan keke na kama hanyar Kebbe, hanyar da a wancan zamani rabinta tuƙi ne rabinta turi. Na isa bayan azahar, na tarar da zauren cike, domin Modi ya riga ya sanar cewa mai laifi na tafe.

Bayan gaisuwa Modi ya ce, “Ku ba malamin Turawa wuri. Alhaji, sa mishi shi ji da kunnenai.”

Aka ɗora allura. Shiru, sai wata ’yar murya can ƙasa kamar kukan sauro. Can sai ’yan amshi suka ɓarke da salati da ƙarfi. Sai shiru kuma. Sai amshi. Mutane suka fashe da dariya.

Modi ya ce, “Kun ji! In an haɗa ta da rediyo an sa labarun Kaduna, tana faɗinsu duka, don labari ba shi da nauyi. Waƙa kuwa ta fi ƙarfinta, sai ta ɗauki rabi ta aje rabi. Ni na ce a sayi babba.”

Ni kuwa tun shigowata idona ya ga abin da ya gani. Lasifika ɗaya ce a zauren. Daga bayan amfilifayar wata doguwar waya ta bi bango, ta fita ta ƙofar cikin gida.

Na ce, “Alhaji, ina ɗayar?”

Ya ce, “Tana ɗakin Inna.” Inna mahaifiyarsa ce. Ya gyara zama ya ci gaba, “Malam, na duba na ga bai kyautu ba maza su zauna nan da baki biyu, tsohuwata da iyali suna ciki ba ko ɗaya. Kuma kai da bakinka ka ce tagwaye na. Tagwaye ai kamarsu guda. In Hassan na nan, Husaini na can, mi ya ragu?”

Kalmata daidai take, kuma har gobe ina nan a kanta, sai dai Alhaji ya ɗauke ta ta wata fuska. Ba kuwa zai yiwu a kunyata mai gida a zaurensa ba, balle a kan abin da ya yi don girmama uwa. Na ce, “Alhaji, adalcinka ne ya jawo wannan, ba raunin na’ura ba. Tagwaye ne a kama, amma ba bakinsu ɗaya ba. Hassan ne mai bayarwa, Husaini ne mai amshi. Ka kai Hassan cikin gida, ka bar wa maza Husaini. Labarun Kaduna kuwa mutum guda ke karantawa, shi ya sa kowannensu ke faɗi duka.”

Sai wani dattijo ya ce, “Ashe waƙar ba ta ɓata ba, kulle anka yi mata.” Dariya ta koma kan Modi, domin shi ya jawo wayar da hannunsa.

Alhaji ya ce shi fa ba zai shiga ɗakin Inna ya ɗauko abin da ya riga ya ba ta ba. Na ce ba sai an kai ga haka ba. Na sa aka kawo garwashi a kasko, na gasa ƙarfen dalma, na buɗe bayan amfilifayar na gama hanyoyin biyu tun daga mashiga, yadda kowace lasifika za ta sami waƙar dukanta. Aka ɗora allura. Mai bayarwa ya fito, ’yan amshi suka amsa, duk a zaure. Jama’a suka ɗauki kabbara. Modi ya shiga gyaran hularsa. Na fara naɗe kayan aikina, ina ganin na wanke sunana.

Sai muka ji ƙwanƙwasar sanda daga ƙofar cikin gida. Inna ce da kanta, ’yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa. Duk aka sunkuyar da kai.

Ta ce, “Arzika, wa yas sako mini ƙattan ga cikin ɗaki?”

Alhaji ya ce, “Inna, gyara anka yi. Dā rabi ku ka ji.”

Ta ce, “Rabi? Wa yac ce maka rabi? Malamin na bayarwa, mu muna amsa mishi. Kullum bayan azahar ɗakina cike yake, har matan maƙwabta. Shi faɗi nashi, shi yi shiru, shi jira mu. Ban taɓa ganin ƙarfe mai ladabi irin wanga ba. Yanzu mun buɗe baki za mu amsa, sai ga wasu ƙatta sun riga mu, ko wurin numfashi ba su bar muna ba.” Ta juyo da sandar wajena. “Kai ne mai gyaran? To, ɗana, abin da kag gyara, ɓata shi yadda yake.”

Modi ya sami abin da yake so. Ya ce, “Malam, ga ka tsakanin kura da rijiya. In ka gyara, Inna. In ka ɓata, mu.”

Gaskiya ya faɗa. In na mayar da ita yadda take, sunan da ya raɗa mini ya zauna ke nan a bakin maza. In na bar ta a gyare, to bakin matan Kebbe ya fi kowace lasifika kai sauti nesa. Na ce a ƙara mini garwashi.

A cikin jakata akwai ’yan ƙananan abubuwan nan masu zanen launi da muke kira rasista, waɗanda ke barin sauti ya wuce ta inda ake so, su rage shi ta inda ba a so. Na warware haɗin da na yi. Na ɗauki hanyar zaure na zuba mata muryoyin biyu ta cikin rasista, na bar hanyar ɗakin Inna da mai bayarwa shi kaɗai kamar dā. Irin wannan haɗi ba ya cikin littafin kowane Bature, domin ba Baturen da ya taɓa zama da uwarsa a bayan zaure. Na ce wa Inna ta koma ta gwada.

Aka ɗora allura. A zaure waƙa ta fito cikakkiya, bayarwa da amshi. Da aka zo amshi na biyu sai muka ji wani abu ya taso ta saman katanga, muryoyin mata masu yawa, tsofaffi da matasa, suna salati daidai da faifan, ba gaba ba baya. Alhaji ya miƙa hannu da kansa ya rage sautin zauren.

Wannan amfilifaya mai launin toka ta yi shekaru tana aiki a gidan, batir kawai ake kawo mini caji. Hedimasta ya dawo da maganarsa a makon, mai kantin Dogon Daji ya biyo baya, na kuma aika wa masu auduga cewa su nemi wani. Amma abin da ya riƙe rumfata a sauran wannan shekara ba su ba ne. Matan da ke taruwa a ɗakin Inna sun koma gidajensu da labari, kuma duk mai ɗan hali a Kebbe da kewayenta bai sake samun sukuni ba.

Wata ranar kasuwa ina tsakiyar aiki sai na ga inuwar mutum dogo a ƙofa. Modi ne. Ya duba hagu, ya duba dama, ya shigo ya tsuguna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Karo na farko a rayuwata na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Ya ce, “Malam Haliru, na sai da bijimi. Irin ta Alhaji ni ka so.”

Na ce, “Babbar nan mai kwalabe tana nan a Sakkwato, ba a saya ba. Ita ta dace da zauren dillali.”

Ya ce, “Bar tsokana, don Allah. Ba ni na aiko kaina ba, uwar ɗiyana ta.” Ya ƙara matsowa. “Ta ce in faɗa maka da kyau, kak ka yi kuskure. Mai rabin waƙa ta ka so.”

Na ajiye ƙarfen dalma a kan garwashi, na ce masa ban ji ba, ya ɗaga murya.